Kallon Tsuntsaye a Kurmin Bakin Kogi: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Farawa a Jihar Kaduna

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sha'awar kallon tsuntsaye suka fi yi kafin su fara shiga kurmi, wato dajin nan mai duhuwa da ke bin gaɓar kogi ko rafi. An gina amsoshin a kan yanayin Jihar Kaduna, itatuwanta, da halin da dazuzzukanta suke ciki.

Me ya sa ake fifita kurmi a kan sauran daji?

Yawancin dajin Kaduna fili ne mai doguwar ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin su doka, ɗorawa da kaɗanya. Ruwa na ɗaukewa a watan Oktoba sai ciyawa ta bushe, wuta ta bi ta kanta, itatuwa da yawa su kaɗe ganye. Kurmi kuwa yana nan kore shar, domin saiwoyinsa na shan ruwan da ke kwance ƙarƙashin gaɓa. A nan ake samun malmo, kanya, maɗaci, ɓaure, ɗinya da tukuruwa, ga kwakwar manja idan aka gangara kudancin jihar.

Kurmi siriri ne. Wani wuri faɗinsa bai wuce taku hamsin daga bakin ruwa ba. Wannan sirantar ita ce ribar mai kallo: daga inda ka tsaya kana iya ganin tsuntsayen ruwa, da na cikin duhuwa, da na fili masu shigowa shan ruwa. Ita ce kuma ke sa kurmi saurin lalacewa, shi ya sa aka keɓe wasu a matsayin gandun daji.

Ina ake zuwa a Jihar Kaduna?

Wurin da masana suka fi ambata shi ne gandun dajin Nindam da duwatsun Kagoro, kusa da Kafanchan. Yankin na gindin tsaunukan Filato, yana samun ruwan sama fiye da birnin Kaduna, saboda haka akwai tsuntsayen da sai a kurmin kudancin Najeriya aka saba ganinsu. Yana cikin jerin muhimman wuraren tsuntsaye na ƙasar nan. Sai gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1999, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120. Akwai kuma gandun Afaka a gefen birnin Kaduna.

Amma kasancewar daji a taswira ba ta nufin ana shigarsa. Dazuzzukan Birnin Gwari sun daɗe suna fama da 'yan bindiga, kuma a watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai a kwalejin gandun daji da ke Afaka. Kada ka dogara da labarin bara. Ka tambayi ma'aikatan gandun da mutanen ƙauyen halin da ake ciki a makon da za ka je, in suka ce a dakata, ka dakata.

Mai farawa ba ya ma buƙatar tafiya nesa. Bakin Kogin Kaduna a wajen Ƙofar Gamji, da gaɓar Kogin Galma a Zariya, sun isa mutum ya koyi riƙe madubin hangen nesa ya saba da tsuntsaye talatin ko fiye kafin ya nufi kurmi na sosai.

Sai da izini ake shiga?

I. Kamuku na ƙarƙashin hukumar gandun daji ta ƙasa, sauran gandayen kuma na gwamnatin jiha ne, don haka sai ka bi ta ofishin malaman daji na yankin. Bayan izinin hukuma akwai na gari, wanda a aikace ya fi muhimmanci. Ka je wajen dagaci ko mai unguwa ka yi gaisuwa: "Ranka ya daɗe, mun zo kallon tsuntsaye ne a kurmi, ba farauta ba, ba mu ɗaukar komai. Muna roƙon a haɗa mu da wanda ya san wurin." Ka nuna masa madubin, ka ba shi ya leƙa, ka buɗe littafin hotunan tsuntsaye ya gani. A wannan zamani baƙon da aka gani yana leƙe-leƙe da madubi a bakin daji ana iya ɗaukarsa mai kai rahoto ga miyagu, kuma irin wannan zargi ba a warware shi cikin sauƙi bayan ya taso.

Da ɗan gari akan ci gari. Masunci ko tsohon maharbi ya san bishiyar da ke 'ya'ya yanzu, da mashigin da ba ya da zurfi, da inda zuma ta yi saƙa. Ku yanke ladansa tun kafin ku tashi. Kuma kada ka taɓa saita madubi ko kyamara wajen barikin soja, sansanin jiragen sama, shingen jami'an tsaro, ko inda mata ke wanka da wanki.

Wane lokaci ya fi?

A cikin yini, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 10. A Kaduna rana na fitowa tsakanin 6 da minti kaɗan a watan Mayu zuwa kusan 7 saura a Janairu, don haka idan ka idar da sallar Asuba ka kama hanya, ka isa da minti 15 kafin haske ya bazu. Da tsananin hunturu tsuntsaye kan yi jinkirin motsi har sai rana ta ɗan ɗumama ganye. Bayan La'asar akwai wani motsin, amma bai kai na safe ba.

A cikin shekara, Nuwamba zuwa Afrilu ya fi sauƙi. Ciyawa ta kwanta, hanyoyi sun bushe, ga baƙin tsuntsaye da suka taso daga Turai tun Satumba da Oktoba, sai Maris ko Afrilu za su koma. Maris da Afrilu akwai zafi, amma a lokacin ruwa ya janye ya bar 'yan kududdufai, kowane tsuntsu dole ya zo nan. Farkon damina, Mayu da Yuni, shi ne lokacin kuka da saƙar sheƙa, shamuwa ta iso, daga baya mazajen gado da zalaidu su sake gashi su fito da launin aure. Agusta da Satumba ne mafi wahala: ciyawa ta fi mutum tsawo, ƙarar ruwa na danne kukan tsuntsu, kogi kuma na iya cika cikin sa'a guda saboda ruwan da aka yi a can sama, ko da inda kake ko ɗigo bai sauka ba.

Wane irin madubin hangen nesa zan saya?

Mai lamba 8x42. Lambar farko na nufin yana kusanto da abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Idan ka raba 42 da 8 za ka sami 5 da ɗoriya, wato faɗin hasken da ke isa idonka, kuma a cikin duhuwar kurmi wannan shi ne abin dubawa. Ɗan ƙaramin 10x25 na ba da 2.5 kacal, a fili yana aiki, a ƙarƙashin malmo sai ka ga duhu. Ka guji masu lamba 20 zuwa sama da masu zuƙowa da ake tallatawa a kasuwa: hoton na rawa da bugun hannunka, filin da kake gani ƙunci ne, kafin ka lalubo tsuntsun ya tashi. Masu jan gilashin gaba su ma suna ɓata launi.

In na hannu za ka saya, ka gwada abu uku. Ka kalli wayar lantarki daga nesa, in ta rabu biyu ko idonka ya fara ja, gilasan ciki sun goce, kuma zai riƙa sa maka ciwon kai. Ka juya shi ka leƙa ta gaba a cikin haske, in ka ga zare-zare kamar yana, fumfuna ce ta kama gilashin. Sannan ka duba ko yana iya fito da abin da ke nisan mita 2 zuwa 3, domin a kurmi tsuntsu kan sauka dab da kai.

Yaya ake saita shi?

Da farko ka lanƙwasa shi a tsakiya har da'irori biyun su haɗe su zama ɗaya. Ka zaɓi rubutun wani allo mai nisan mita 20. Ka rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka murza ƙafar tsakiya har rubutun ya fito sarai a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, kada ka sake taɓa ƙafar tsakiya, ka murza zoben da ke jikin maleƙin dama har shi ma ya fito. Ka lura da inda zoben ya tsaya, domin duk wanda ka ara wa zai canza shi. Mai sa tabarau ya danne robar maleƙi ƙasa, wanda ba ya sawa ya ɗaga ta.

Da hunturu kada ka goge ƙura da bakin riga. Ƙurar na da yashi, tana kankare rufin gilashin. Ka hure ta tukuna, sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi. Da damina kada ka rufe shi a jaka yana da danshi.

Ina jin kuka ta ko'ina amma ba na ganin komai. Me nake yi ba daidai ba?

Wannan ne ke sa mutane da yawa su haƙura tun fitar farko, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: sun kutsa tsakiyar kurmi suna tafiya. A ciki duhu ne, tsuntsayen na can sama, kana kallonsu ta ƙasa hasken sama na bayansu, ba ka ganin komai sai baƙin inuwa. Busasshen ganyen da kake takawa kuma ya riga ya sanar da su zuwanka.

Ka bi gefen kurmi, ba cikinsa ba. Da safe ka tsaya ta gabas da shi, rana na bayanka tana haska bangon itatuwan. Nan ne ƙwari ke fara motsi saboda ɗumi, masu cin ƙwari su biyo su, launin kowane tsuntsu ya fito. Da yamma ka koma ta yamma.

Sannan ka zauna. Ka sami gindin bishiya ka jingina, yadda surarka ba za ta fito fili ba, ka yi shiru minti 15 zuwa 20. Mintuna goman farko kamar babu komai a wurin, domin isowarka ta sa kowa ya yi lamo. Bayan nan sai a ci gaba da harka kamar ba ka nan. Wurare uku sun fi cancantar zama: ɓauren da 'ya'yansa suka nuna, bishiyar da ke fure kamar gurjiya da hunturu ko wadda kauci ya kama, da ɗan kududdufin da ke da inuwa da reshe a kansa. Awa ɗaya a gindin ɓaure mai 'ya'ya ta fi tafiyar kilomita 3.

Kada ka riƙa share daji da madubi. Ka nemi motsi da idonka tsirara: ganye ɗaya da ke rawa alhali babu iska, ɓawon 'ya'yan itace da ke faɗowa. In ka gani, ka kafe idonka a wurin, ka ɗago madubin zuwa idon ba tare da ka sunkuya ka dube shi ba. Wanda ya kalli madubin kafin ya ɗaga ya rasa wurin. Ka yi ta gwada wannan a gida da kurciya a kan waya har hannu ya saba.

In kuna da yawa kada ku wuce mutum 4 ko 5, kada a nuna da hannu a miƙe. A faɗa a hankali: "Kanyar nan, reshe na biyu daga ƙasa ta dama, kusa da gindi."

Waɗanne tsuntsaye zan sa ran gani?

Wanda kowa ke so shi ne turako mai launin shuni. Ya kai girman hankaka, jikinsa shuni mai duhu da sheƙi, goshinsa rawaya, bakinsa ja. Yana gudu a kan reshe maimakon tsalle, kuma sai ya buɗe fiffike za ka ga ja wur. Wannan jan daga wani sinadari ne mai ɗauke da tagulla, wanda ba a samu a gashin wasu tsuntsaye sai danginsa. Galibi kukansa za ka fara ji, gurnani mai maimaituwa da ɗaya ke farawa sauran su amsa. A kan ɓaure za ka tarar da kurciyar gamji, wadda korenta ke sajewa da ganye har sai ta motsa, tare da cilakowa da tsirya.

A ƙasa cikin sarƙaƙiya akwai ragon maza, da wani mai ruwan lemo a ciki da farin tambari a ka, gwanin kwaikwayon kukan wasu tsuntsaye. Shi ne ke ruɗa masu koyo, su rubuta tsuntsaye uku alhali ɗaya ne ke yi. A tsakiyar rassa kuma akwai mai kama ƙwari wanda namijinsa ke jan dogon wutsiya, wani ja-ja, wani fari.

A bakin ruwa akwai zalɓe, balbela, kirinjijiya, zakaran ƙeƙuwa, da shaida mai gina ƙatuwar sheƙa a cokalin bishiya, wadda faɗinta kan kai mita ɗaya da rabi. Masu kamun kifi iri-iri ne: mai baƙi da fari da ke tsayawa cik a iska kafin ya faɗa ruwa, ƙaton da ya kusa hankaka, da ɗan mitsitsi shuɗi mai jan baki da ke zama a kan kara dab da ruwa. In ka ga gaɓa mai tsayi da ramuka jere, ta masu cin ƙudan zuma ce, kore masu jan maƙogwaro. Suna haƙa ramukan a ƙarshen damina tun ƙasa na da laushi, su yi ƙwai da rani. A kewayen Zariya ne masani Hilary Fry ya yi dogon bincike a kansu a shekarun 1960, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna yadda wasu da ba su yi ƙwai ba ke taya iyaye ciyar da 'ya'ya.

Yaya zan gane wanda ban sani ba?

Kada ka buɗe littafi tsuntsun na gabanka. Littafi ba ya tashi. Ka lura da girmansa, ka auna da wanda ka sani: gwara, kurciya, hazbiya ko hankaka. Sai siffar baki, domin ita ce ke nuna dangi: gajere mai kauri na cin tsaba, siriri mai lanƙwasa na tsotsar fure, mai ƙugiya na cin nama. Sai tsawon wutsiya, launin ƙafa da ido, inda yake zaune, da abin da yake yi. Launin jiki ne na ƙarshe, saboda inuwa da hazo na canza shi, mace da ɗan tsako kuma sau da yawa ba sa kama da namiji. Ka rubuta nan take, ko ka faɗa wa wayarka ta naɗa.

Littafin da aka fi amfani da shi a yankinmu shi ne na tsuntsayen Afirka ta Yamma wanda Nik Borrow da Ron Demey suka wallafa. Kullum ka duba taswirar da ke gefen hoton. An san nau'in tsuntsaye fiye da 900 a Najeriya, kuma mai kama da naka na iya zama wanda ba ya wuce dazuzzukan Kuros Riba. In ba ka tabbatar ba, ka rubuta "ban gane ba". Ka kuma rubuta sunan da ɗan rakiyarka ya kira shi da shi, tare da garin, domin sunaye na bambanta daga wuri zuwa wuri.

Manhajar waya ba za ta wadatar ba?

Merlin, manhajar gane tsuntsaye, na taimakawa idan ka sauke kundin yankin tun kana gida, saboda a kurmi sabis kan ɗauke. Amma wajen gane kuka ba ta ƙware da tsuntsayen Afirka kamar na Turai da Amurka ba. Abin da ta faɗa shawara ce, sai ka gani da ido kafin ka rubuta.

Zan iya kunna kukan tsuntsu don ya fito?

An fi son a bari. Namijin da ya ji kukan yana zaton kishiya ce ta shigo masa, sai ya bar ci ko ciyar da 'ya'ya ya zo faɗa. A siririn kurmi ba shi da inda zai kauce. Lokacin sheƙa kada a yi sam. A wani lokacin, in aikin ƙidaya ya tilasta, daƙiƙa 30 da murya ƙasa-ƙasa ta isa, kuma da ya amsa a kashe.

Me zan sa, me zan ɗauka, me zan kiyaya?

Riga mai dogon hannu da wando mai kauri, masu launin ƙasa ko toka. Fari na korar tsuntsu. Shuɗi da baƙi na jawo tsando, wanda mazauninsa ke nan bakin rafi, kuma cizonsa na ratsa yadi marar kauri. Kada ka sa kakin soja ko mai kama da shi. Takalmi rufaffe, a cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, in ka koma gida ka duba jikinka. Ruwan sha lita 2 na safiya ɗaya, da bazara a ƙara. Hula, ɗan littafin rubutu, fensir, da waya mai cikakken caji. A gida a san inda ka nufa da lokacin dawowarka.

Kada ka shiga ruwan da ke kwance, saboda tsargiya. Da rani ka kula da karara, mai kwanso da gashi ruwan ƙasa da ke rataye a sarƙaƙiya, taɓa ta kaɗan ƙaiƙayi ne na sa'o'i. Kada ka taka bayan gungume ba ka leƙa ba, domin kasa ba ta gudu, kwanciya take ta saje da ganye. In maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

In na ga sheƙa, ko masu tarko, ko masu sare itace fa?

Sheƙa a kalle ta daga nesa, minti kaɗan, a wuce. Kada a karya reshe don hoto ya fito, domin ganyen nan shi ke ɓoye ta daga shaho da rana. Ɗan tsakon da ya yi gashi yana tsalle a ƙasa ba maraya ba ne, iyayensa na kusa suna jiran ka tafi. Kada ka sa ainihin wurin sheƙar aku, tsirya, mujiya ko ungulu a Facebook, saboda masu kamawa su sayar suna karantawa.

Masu tarko da masu gawayi kuwa, kada ka yi musu gardama a daji, kada ka ɗauke su hoto. Ka lura da wurin da ranar, ka sanar da malamin daji ko dagaci bayan ka fito.

Abin da na rubuta yana da amfani ga wani?

Sosai, musamman a Arewa inda wurare da yawa ba a taɓa ƙidaya tsuntsayensu ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke gandun Amurum kusa da Jos na jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai na shafe aƙalla awa 2 a gida ɗaya, yana zagaya kurmi da gona da gari, yana shigar da kowane nau'i bisa jerin yadda ya gan su a manhajar BirdLasser, kuma yana da kwana 5 ya kammala jerin. Akwai kuma eBird ga mai son ajiye lissafin kowace fita.

Kowane rubutu ya ƙunshi kwanan wata, wuri, lokacin farawa da gamawa, da adadin masu kallo. A sa har tsuntsayen da aka raina, irin su hankaka da gwara. Ungulun nan da a da ke cika mahauta, tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda haka in ka ga ko guda ɗaya ka rubuta adadi da wurin, in kuma ka zagaya mahauta ba ka ga ko ɗaya ba, shi ma ka rubuta.